Inda Mai Sito Yake Hutawa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mama lafiyarta ƙalau, sai gwiwar nan da ba ta barin ta sakat.

Za ki ce me ya hana ni kiran ki a waya, sai wasiƙa kamar mutanen da. Dalili biyu ne. Na farko, kin san gidanmu, ko tari na yi a ɗaki Mama tana ji. Na biyu, na san halinki, kafin in kai rabin magana za ki ce, "Auta, yi haƙuri." Takarda kuwa ba ki da yadda za ki yi ki katse ta. Don haka ki nemi wuri ki zauna.

Wata bakwai ke nan ina aiki a cibiyar ɗinkin da kika samo mini gurbi. Ba ki taɓa hawa samanta ba, to bari in zana miki. Bene ne. A ƙasa akwai ofishin Shugaba, da sito, da wani ƙaton falo mai labule da kujeru masu laushi da aka ware wa baƙi, bangonsa cike da hotunanmu muna washe baki. Ɗakin ɗinki kuwa, inda mu mata goma sha biyu muke yini, yana sama. Eh, sama! Cibiyar mata masu lalura ce, mu biyar a keken guragu muke, amma wani mai kaifin basira ya zauna ya ce kekunan ɗinki su hau sama don kada ƙararsu ta dami baƙi. Matakala goma sha tara ce, da kwana a ta goma sha ɗaya. In kana kwanar nan, na ƙasa ba ya hango ka, na sama ma ba ya hango ka.

To ta yaya muke hawa? Ɗaukar mu ake yi. Kullum da safe mu jeru a gindin matakala kamar masu jiran allura, Mai Sito ya zo ya sungume mu ɗaya bayan ɗaya, da yamma ya sauko da mu. Kekunanmu a ƙasa suke yini, mu a sama. Ko gobara ce ta tashi, sai mun jira shi. Kowa albarka yake sa masa. Ranar da Mama ta raka ni har addu'a ta yi masa, wai Allah ya ƙara masa ƙarfin baya.

Yaya, mutumin nan in ya kai kwanar sai ya tsaya, wai yana hutawa. Ya jingina ni da bango, hannunsa ya bar inda ya kamata ya riƙe ya tafi inda bai kamata ba. Ba sai na rubuta miki wuraren ba, ke mace ce. Ranar farko na ce kuskure ne. Rana ta biyu na ce ko ni ce mai mugun zato. Ta uku na ce masa, "Malam, cire hannunka." Ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa ya ce, "In na cire ai faɗuwa za ki yi." Sai ya ɗan sassauta riƙon. Na ji kaina ya yi baya, na hango matakala goma a ƙarƙashina, na ƙanƙame wuyansa. Wallahi abin da ya fi ci mini rai ke nan, ni da hannuna na ƙanƙame shi.

Tun ranar nake haɗiye abin nan. Har karya kumallo na daina. Kuma kada ki yi zaton ba na son aikina. Ni ce mai sa wuyan riga, rigunan 'yan makaranta ɗari-ɗari ta hannuna suke wucewa, kaf ɗakin nan babu wadda wuyanta yake zama daram kamar nawa. Amma na gaji. Ke kika san Shugaba tun kuna makaranta. Ki faɗa mini yadda zan yi, kuma don Allah kada Mama ta ji.

Ki gaida yara da babansu.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, yara suna ta tambayar Antinsu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na rasa abin da yake mini daɗi, ranar ko girki ban iya yi ba.

Amma ki saurare ni da kunnen hankali. Ban ce ƙarya kike yi ba, Allah ya kiyaye. Sai dai ɗaukar mutum a matakala ba ƙaramin aiki ba ne, hannu yana iya zamewa, kuma ke dama tun kina ƙarama ba ki son a taɓa ki. Mutumin nan shekararsa tara a wurin, mai iyali ne, kowa ya shaide shi. In maganar nan ta fita, wa kike ganin za a nuna da baki? Ke ce.

Kin manta shekara shida da kika yi a ɗaki bayan kin gama makaranta, ba inda kike zuwa sai asibiti? Kin manta sau nawa na je ofishin Shugaba kafin gurbin nan ya samu? Tun da kika fara aiki Mama take samun barci. Ranar da kika kawo mata rigar da kika ɗinka da hannunki, kuka ta yi mini a waya. Kada ki ɓata wannan.

Shawarata, ki riƙa sa kaya masu kauri. Ki rungume jakarki a ƙirji in zai ɗauke ki. Ki rage yi masa fara'a, ki bar gaisuwa a gaisuwa. Ki yi ta addu'a, in har yana yi, Allah zai tona shi ba sai kin buɗe baki ba. Ni dai tsorona kada a mayar da ke kamar waccan ta baya, da ta tashi ba aikin ba mutuncin.

Ki yi haƙuri, Auta. Ki gaida Mama, ki ce mata man shafawar gwiwa yana tafe.

Yayarki mai ƙaunarki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Mun yini lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da ta fi haka.

Kaya masu kauri! Fara'a! Haba Yaya. Wace fara'a ce mutum zai yi yana rataye a kan matakala goma? Ashe ko a takarda sai da kika san yadda kika yi kika cusa mini "yi haƙuri". Na gode. Tunda ke kin ce hannu ne yake zamewa, na nemi wadda za ta gaya mini gaskiya.

Akwai wata a ɗakinmu, makauniya ce, ita ke ninke kaya tana ɗaurewa. Rediyo muke ce mata, domin babu abin da yake wuce kunnenta, kuma bakinta ba ya hutu. Teburinta yana daidai bakin ƙofa, a kan matakala. Ban ma gama yi mata bayani ba ta ajiye rigar da take ninkewa ta ce, "Alhamdu lillahi, wata ta buɗe baki. Ke yarinya, ni takunsa nake ji. In ya ɗauko yadi bandir uku a kafaɗa, taku goma sha tara ne a jere, tim tim tim, bai taɓa tsayawa ba. In ya ɗauko Inna mai maɓalli, wadda ta ninka ki biyu a jiki, ba ya tsayawa. Amma in ya ɗauko ɗaya cikin ku uku 'yan matan nan, sai taku ya mutu a na goma sha ɗaya. Wace irin gajiya ce mai zaɓen mutum?"

Mu uku, Yaya. Na juya na kalli sauran biyun, kowacce ta sunkuyar da kai a kan keken ɗinkinta. Wata bakwai muna zaune kafaɗa da kafaɗa, muna aron almakashi, kowacce tana zaton ita kaɗai ce.

Da aka tashi, ni da Rediyo muka shiga ofishin Shugaba. Ta saurare mu tana danna waya. Da na gama ta ɗago ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta daɗe a kan ƙafafuna, sannan ta ce, "Mutumin da yake da mata lafiyayya a gida, me zai yi da ke?" Wallahi sai na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi. Rediyo ta fara yi mata bayanin taku, sai ta katse ta, "Ke kuma da ba ki gani, me kika gani?" Rediyo ta ce, "Ranki ya daɗe, ku masu idon, me kuka gani shekara tara?" Nan Shugaba ta kore mu. Washegari aka miƙo mini takardar da na haɗo miki da wannan. Ki karanta, ki ga rubutun ƙawarki.

Yanzu ga tambayata. Kin ce kada in zama kamar "waccan ta baya". Ni ban taɓa ba ki labarin wata ta baya ba, domin ni ma ban san da ita ba. Rediyo ce ta gaya mini jiya. Gwana suke ce mata, saboda iya aiki. Ta kai ƙarar Mai Sito, aka ce ƙazafi ne, ta tafi. Keken da nake ɗinki a kai nata ne, kujerar da nake zama tata ce. Sati biyu da tafiyarta na fara aiki.

A ina kika san ta? Me aka gaya miki ranar da aka ce gurbi ya samu? Kada ki aiko mini da addu'a, amsa nake so.

Auta

*

Daga ofishin Shugabar Cibiya
Zuwa ga mai aiki a keke na huɗu

Bayan gaisuwa. Hukumar wannan cibiya ta yi matuƙar takaicin zargin da kika kawo a kan ma'aikacinmu mai kula da sito, wanda ya shafe shekara tara yana ɗawainiya da ku saboda Allah, alhali ɗaukar ku ba ya cikin aikinsa. An bincika, ba a samu wanda ya ga wani abu ba.

Ana tunatar da ke cewa akwai mata masu lalura da yawa da suke jiran gurbi. Saboda mutuncin 'yar'uwarki, an ba ki dama ki rubuta takardar janye maganarki tare da ba shi haƙuri, ki miƙa kafin ranar Alhamis, lokacin da kwamitin masu tallafa wa cibiya zai kawo ziyara. Rashin yin haka zai nuna ba ki da sha'awar ci gaba da aiki da mu.

Ana kuma so a ranar kowacce ta zo cikin tsafta da sakin fuska, domin za a ɗauki hotuna.

Ki huta lafiya.

Shugaba

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ban san da wace fuska zan gaishe ki ba, amma ina gaishe ki.

Na sani. Ga amsar da kika nema. Ranar da Shugaba ta kira ni ta ce, "Ƙanwarki ta yi sa'a, wata mara godiya ta yi wa ma'aikacinmu ƙazafi mun rabu da ita." Har ta gaya mini irin ƙazafin, da inda aka ce ana yi. Na ji da kunnena. Ban tambaye ta komai ba, Auta. Godiya na yi ta zuba mata, na fito ina murna, na kira Mama. A raina na ce ko da gaskiya ne, ai ba zai sake ba. Da wasiƙarki ta farko ta zo, tun a layin da kika ambaci kwana na gane. Duk abin da na rubuta miki bayan nan, kaina nake karewa, ba ke ba.

Ranar Asabar na bar wa babansu yara na shigo mota. Na nemi Gwana, ban sha wuya ba, maigadin cibiyar ya kwatanta mini. Tana zaune a wani ɗan ɗaki a bayan shagon kawunta. Ba ta ɗinki yanzu. Wuyan hannunta na dama a karkace yake. Ta ce ranar da ta yi masa ihu a kwanar, sakin ta ya yi. Aka rubuta cewa ita ce ta yi ta mutsu-mutsu har ta suɓuce. Abin da nake cewa ki rungume jaka ki jure ke nan.

Na gaya mata ko ni wace ce. Ta dube ni ta ce, "Ashe ke ce kika gaji kujerata." Na ce ƙanwata ce. Ta ce, "Duk ɗaya." Amma da na karanta mata wasiƙarki ta ce a gaya miki ranar Alhamis za ta zo, ko da a bayan wani ne.

Na zo har bakin layinmu, na hango ƙofar gida, na kasa shiga. Kunyarki nake ji. Ga wata takarda nan na haɗo, na rubuta duk abin da Shugaba ta gaya mini ranar nan, da sunana da sa hannuna. Ki yi yadda kika ga dama da ita. Kada ki ba shi haƙuri.

Ban ce ki yafe mini ba.

Yayarki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso ranar Laraba. Ba ni da abin da zan ce miki a kansa tukuna. Labarin Alhamis zan ba ki, tunda ba ki nan.

Da safe mu biyar muka jeru a gindin matakala kamar kullum. An goge falo, an kawo furannin roba. Mai Sito ya fito da sabuwar riga, yana murza hannu, ya ce, "Wa za mu fara da ita?" Babu wadda ta motsa. Inna mai maɓalli, wadda bai taɓa yi wa komai ba, ita ta fara magana, ta ce, "Yau ba mai ɗaukata, ɗan nan. Je ka huta, tunda kana son hutu." Shugaba ta fito a gigice, tana cewa motocin baƙi sun shigo, mu rufa mata asiri. Ta ce da ni, "Ina takardar?" Na ce tana sama, bari in je in ɗauko.

Kin tuna ina shekara bakwai, ranar da baƙi suka zo gidanmu na rarrafo na fito in gaishe su, Mama ta sure ni ta mayar ɗaki ta ce kada in ƙara? Tun ranar ban sake rarrafe a gaban mutane ba. To ranar Alhamis na ja birki, na zame daga kekena, na dafa matakala ta farko. Hannu biyu a gaba, in ja jikina, in jawo ƙafafun. Siminti ne, gwiwar hannuna ta goge, rigata ta yi duƙun-duƙun. Shugaba tana ta, "Innalillahi! A ɗauke ta mana!" Mai Sito ya matso, na ce masa, "Ka taɓa ni ka gani." Ya ja baya. Daidai nan baƙin suka shigo, su shida, har da mai hoto. Ban waiwaya ba. Daga sama Rediyo tana ƙirga mini da ƙarfi, "Bakwai! Takwas! Yi a hankali, 'yar albarka!"

Da na kai ta goma sha ɗaya na shige kwanar na zauna, na jingina da bangon nan. Numfashina kamar zai ɗauke. Na ɗaga murya na ce, "Ku da kuke ƙasa, kuna ganina?" Can wani namiji ya ce, "A'a." Na ce, "Na sama fa?" Matan ɗakinmu suka haɗa baki, "Ba ma ganin ki!" Na ce, "To an ce an bincika ba a samu wanda ya gani ba. Nan ne wurin. Nan ne yake hutawa."

Sai na faɗi komai, Yaya. Wuraren da na ƙi rubuta miki, ranar na kira sunansu ɗaya bayan ɗaya, muryata tana dukan bango. Sauran biyun suka karɓa daga ƙasa, ɗaya tana kuka tana faɗa. Mai Sito ya fara rantse-rantse, wai shi da yake neman lada. Sai na ji wata murya da ban sani ba ta ce, "Ladan wannan hannun fa, ka karɓa?" Gwana ce, karkataccen hannunta take nufi. Kawunta ya turo ta tun daga bakin titi.

Wata dattijuwa cikin baƙin ta hawo, tana dafa bango, ta zo ta zauna kusa da ni a kan simintin da kayanta masu tsada. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Ta ce, "Wa ya ce a kai ɗakin ɗinki sama?" Na ciro takardarki daga cikin rigata na ba ta. Shugaba ta ce ai ita ba ta taɓa jin wani ƙorafi ba kafin nawa. Dattijuwar ta karanta takardarki a fili, har sunanki.

Saura takwas ɗin ma da kaina na ƙarasa. Hannuwana har yanzu ba sa ɗaguwa sosai, shi ya sa rubutun ya karkace.

Mama ta ji, dole. Ta ga rigar. Na zaci faɗa za ta yi a kan rarrafen, sai ta zauna a bakin gado ta yi ta juya tafin hannuna tana dubawa. Can ta ce, "Kuma har addu'a na yi masa." Ta tashi ta ɗora ruwan zafi.

Ki gaida yara.

Auta

*

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan kuna lafiya.

Kekunan ɗinki sun sauko falon baƙi, an cire hotunan an kafa allon yanka. Mai Sito ne ya sauko da su kafin ya miƙa makullin sito, kekuna takwas, kowanne da kansa na ƙarfe. Rediyo ta kasa kunne. Bai huta a kwana ba ko sau ɗaya.

An manna sanarwa wai ya ajiye aiki don kansa, saboda ciwon baya. Shugaba tana nan a kujerarta, ba ta amsa gaisuwata. Ba mu yarda a rufe maganar haka ba. Ranar Litinin da ƙarfe tara za mu kai ƙara wurin 'yan sanda, ni da sauran biyun da Gwana da Rediyo.

Ban huce ba, Yaya, kuma ban san ranar da zan huce ba. Amma ki zo. Ba sai kin tura ni ba, hannuna ya ishe ni. Ki dai tsaya kusa da ni, in an tambaye ki, ki faɗi da bakinki abin da kika rubuta.

Mama ta ce kin manta man gwiwarta.

Ƙanwarki,
Auta